Kogin Yamai ba shuɗi ba ne: kurakuran masu zanen zuci da yadda ake gyara su

Lokacin da na fara zane da gaske, na taɓa nuna wa wani dattijo majemi a unguwar Gamkalle ta Yamai hoton kogi da na yi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ɗana, wannan ruwan wane gari ne?” Na ce, “Na nan ne, Baba, ƙasan gadar Kennedy.” Ya ce shi tun yana saurayi yake wanke fata a bakin ruwan nan, bai taɓa ganin sa shuɗi ba. Na ce ai abin da zuciyata ta ji ne na zana. Sai ya ce, “To zuciyar taka ba ta zo bakin kogi ba tukuna.”

Har yau babu kuskuren da na fi gani wurin matasa masu zane kamar wannan. Mutum ya ce shi ba ya bin ƙa'ida, abin da ya taso masa a rai yake zubawa. Ina girmama wannan hanya, ita nake bi. Amma zuciya rumbu ce, abin da ido ya zuba mata shi take fitarwa. Idan hotunan kalanda da na waya ka cika ta da su, ranar da shauƙi ya taso ruwan wata ƙasa za ta ba ka, kai kuwa kana zaton naka ne.

Kogin da ya ratsa Yamai cika biyu yake yi a shekara. Wajen Agusta da Satumba, ruwan damina na gangarowa daga kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ɗauke da laka, kogi ya koma ja kamar an dama kunun jar dawa. Daga baya, wajen Disamba zuwa Janairu, ruwan da ya sauka can tsaunukan Gini yake isowa, bayan ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali ya zubar da lakarsa, sai ya zo da duhu, a natse. Zabarmawa sun raba musu suna, jan ruwa da baƙin ruwa. Mai neman launin fushi ko na kewa yana da su nan a ƙofar gida, kowane da watansa.

Haka gawo. Sau nawa na ga zanen gonar damina, gero ya yi kore shar, ga gawo a tsakiya shi ma lulluɓe da ganye. Duk ɗan manomi ya san gawo da damina yake kaɗe ganyensa, sai rani ya yi ya tofo. Wanda ya lura da haka ya samu abin zanawa mai taɓa rai: itace tsaye tsirara alhali duniya duk ta yi tsanwa. Masu zana raƙuman dawa na Kure, waɗanda ke kimanin kilomita 60 daga gari, su ma sukan shafa musu launi mai duhu na irin gabashin Afirka. Namu sun fi haske, kuma idan suna tafiya ƙafafun gefe ɗaya suke ɗagawa tare, kamar raƙumin gida.

Gyaran ba shi da tsada. Ka zaɓi wuri ɗaya, ko gindin darbejiya ne a unguwarku, ka riƙa zuwa da ɗan littafi da gawayi. Minti goma na farko kada ka ja ko layi. Ka duba inda inuwa ta faɗi, ka faɗa wa kanka launin da kake gani da sunan abin da ka sani: launin ƙuli-ƙuli, launin tokar murhu, launin goron da aka tauna. Ka koma wurin da bazara, ka koma da hunturu lokacin da hazo ya mai da rana kamar farin faranti. Waya kuwa, a ɗauki hoto don tuni, amma ba ta kama zafi ko ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, kuma tana ƙara wa launi ƙarfin da ba shi da shi. Ɗan'uwan da ba ya zana mai rai, wanda ya tsaya ga zayyana da siffofi, shi ma wannan magana ta shafe shi, don tsagewar laka a fadama da jerin tabon dabino duk malamai ne.

Akwai kuma masu jiran ilhama. Sai a yi wata biyu ba a taɓa buroshi ba, wai abin bai zo ba. Ranar da ya zo, hannu ya yi tsami, ya kasa bin zuciya. A ja layi kullum ko na rubu'in awa ne, ko a bayan kwalin shayi.

Inda na fi jin takaici shi ne wajen kayan aiki, domin nan ne aiki mai kyau ke mutuwa a banza. Da yawa yanzu suna son launin ƙasa, kuma sun yi daidai: fentin shago da tsada, ga jar ƙasa da farar ƙasa ko'ina, matan ƙauyen Bubon ma da su suke ƙawata tukwanensu. Kuskuren shi ne a kwaɓa ƙasa da ruwa kawai a shafa. Bayan mako guda, da an taɓa sai ta zube. Ƙasa tana son wanki da maɗauri. A daka ta, a zuba cikin ruwa a motsa, a ɗan jira yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman mai kauri cikin wani kwano, a bar shi ya kwana. Lallausan da ya zauna a ƙasa shi ne launinka. Sannan a jiƙa ƙaro, awo ɗaya cikin awo biyu na ruwa, a tace da ƙyalle, a haɗa. Wannan ba sabon ilmi ba ne, da ƙaro malaman allo suke ɗaure tawada tun kaka da kakanni. Idan ya yi kaɗan, launi zai bi yatsa bayan ya bushe. Idan ya yi yawa, zai yi ƙyalli ya tsattsage, kuma ɗigon zuma yana rage tsagewar. A gwada a gefen takarda kafin a hau babban aiki.

Ruwan zoɓo ya yaudari mutane da dama. Ranar farko ja ne mai ɗaukar ido, kafin wani lokaci ya dusashe ya koma toka-toka. Yawancin launin fure da ganye haka suke da rana. Ka shafa kowane launi a takarda, ka rufe rabi da kwali, ka ajiye a taga wata guda, sannan ka buɗe ka kwatanta. Kada ka sayar wa mutum abin da ba ka yi wa wannan gwaji ba.

Yanayin garinmu ma sai an yi shawara da shi. A Afrilu zafi na wuce digiri 40, fentin akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa, na bushewa a kan buroshi kafin ka kai shi inda kake so. Ka yi aiki bayan asuba, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma ƙarƙashin takardar da kake haɗa launi a kai. Fentin mai kuwa kwanaki yake ɗauka, don haka da hunturu a jingina shi fuska ga bango, in ba haka ba ƙura ta shige shi har abada.

Saura maganar tsayawa, wadda ni ma har yanzu nake fama da ita. Zanen zuci yakan fito da rai cikin awa ta farko, sai tsoro ya shigo: kada a ce ban iya ba, kada mai saye ya ce bai gane ba. Sai a ƙara raƙumi a nan, faɗuwar rana a can, don an ga irinsu ake ɗauka a cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata da harabar gidan tarihi na Boubou Hama. Masu sana'ar can suna da gwanintarsu da kasuwarsu, amma kai ba abin da ya tashe ka daga barci ke nan ba. Da ka ji kana ƙari don idon wani, ajiye buroshi. Juya zanen, ka bar shi kwana uku, kada ka sa shi a Facebook a ranar, domin yabon gaggawa yana hana mutum ganin aibin aikinsa. Rana ta huɗu ka jingina shi a tsakar gida, ka ja da baya taki goma, ka duba shi da hasken safe. In akwai abin da ya rage, guda ɗaya ne yawanci, kuma daga nesa ake hango shi.