Darasi na Bakwai: Riƙon Bindigar Fesa Fenti da Kula da Ita

Bindigar feshi ita ce abin da mai fentin mota ya fi dogara da shi, kuma ita aka fi ɗora wa laifi idan aiki ya ɓaci. Asalinta daga ɗakin likita ne. Wani likita a birnin Toledo na Amurka, Allen DeVilbiss, ya ƙera ɗan abin fesa magani a maƙogwaron marasa lafiya, sai ɗansa Thomas ya sarrafa dabarar a shekarar 1907 ta zama bindigar fenti. Har yau aikinta guda ne: iska mai matsi ta tarwatsa fenti zuwa ƙananan ɗigo, ta kai su jikin mota su kwanta daidai wa daida.

Kafin ka ja kunama, ka san sassanta. Akwai kofin da ake zuba fenti, wanda a yawancin bindigogin zamani yake bisa, fentin yana gangarowa da nauyinsa. Akwai baki, wato ɗan ƙarfen da fenti yake fita ta ƙofarsa, da allura wadda take toshe wannan ƙofa har sai an ja kunama, sannan hular iska mai ƙaho biyu da take lulluɓe bakin. A bayan bindiga da gefenta akwai maɗauri uku da ake murzawa: na faɗin feshi, na yawan fenti, da na ƙarfin iska. Kunamar kanta hawa biyu gare ta, domin idan ka ja kaɗan iska ce kawai za ta fito, sai ka ƙarasa ja fenti ya biyo.

Girman baki ana auna shi da milimita. Fentin launi da kiliya, wato fenti marar launi mai sheƙi da ake rufe shi da ita, suna son baki mai 1.3 ko 1.4, amma fentin share fage mai kauri yana bukatar 1.6 zuwa 2.0. Wanda yake da hali ya ware bindiga guda don share fage kawai, domin ragowarsa a cikin bindigar kiliya yakan fito a matsayin tsakuwa a kan aikin da aka gama. Haɗin fenti da hadina (sinadarin da yake sa shi ya daskare) da tina (ruwan da ake tsinka shi da shi) kuwa, a bi abin da kamfani ya rubuta a jikin gwangwani, a auna da kofin awo, ba da ido ba, sannan a tace kafin a zuba a kofi. Da zarar hadina ta shiga fenti, ya fara daskarewa ke nan, saboda haka kada a haɗa fiye da abin da za a fesa a lokacin.

Iska ma tana da nata sharaɗi. Bindigar da ake kira HVLP, wato mai fitar da iska da yawa da ƙaramin matsi, takan so matsi wajen bar 2 (bar shi ne awon matsin iska) a mashigar iska, kuma ana duba ma'aunin ne alhali an ja kunama. Kwamfuresa, wato injin matsa iska, tana tara ruwa a cikin tankinta, don haka a buɗe maɓulɓular ƙasa kullum a zubar, a kuma sa matatar ruwa da mai a kan tiyo. Ɗigon mai ko ruwa guda ɗaya ya isa ya buɗe ƙananan ramuka a fenti, waɗanda masu sana'a suke kira idon kifi.

Kada ka fara da jikin mota. Manna takarda a bango, ka ja kunama na ɗan ƙiftawar ido, ka tsaya ka karanta abin da ya fito. Feshi mai kyau dogo ne, mai siffar ƙwai, launinsa ɗaya daga sama har ƙasa. Idan tsakiya ta yi nauyi, fenti ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Idan tsakiyar ta tsuke kamar lamba 8, iska ce ta wuce kima. Idan kuwa ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, to, wani rami ya toshe, kuma akwai hanya mai sauƙi ta gano inda yake: juya hular iska rabin zagaye ka sake fesawa. In lanƙwasar ta koma ɗaya gefen, matsalar tana hula. In ta tsaya inda take, tana baki.

Wajen fesawa, tazarar bindiga da mota ta kasance santimita 15 zuwa 20, kimanin taƙi guda, bakin yana fuskantar ƙarfen kai tsaye. Hannu gaba ɗaya ne yake tafiya, ba wuyan hannu ba, domin mai karkaɗa wuyan hannu yakan cika tsakiya da fenti ya bar gefuna a bushe. Kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. Matsowa kusa ko jinkiri yana sa fenti ya yi hawaye, nisa ko gaggawa kuma su bar shi da kaushi irin na ɓawon lemo.

A nan dole in ja kunne. Hadinar fentin mota tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda yake jawo ciwon asma da ba ya rabuwa da mutum, kuma takunkumin ƙura na yadi ba ya tare shi. Mafi aminci shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. A sa safar hannu da tabarau, a yi aiki inda iska take fita, kuma kada wuta ko sigari su kusanci tina.

Wankin bindiga ba ya jiran gobe, ba ya ma jiran a huta. Juye ragowar fenti, ka zuba tina kaɗan a kofi, ka girgiza, ka fitar da ita ta baki har ta fito garau. Cire tiyo, ka kwance hular iska, ka zare allura ta baya, sannan ka kwance baki da sufanar da ta zo tare da bindigar. Wannan jeri yana da dalili, domin murza baki alhali allura tana zaune a cikinsa yana cinye tsininta, daga nan bindiga ta fara ɗiga. Wanke kowane sashe da buroshi mai laushi. Ramukan hula ƙanana ne ƙwarai, kuma an huda su da awo, saboda haka waya ko allurar ɗinki ba sa shiga cikinsu; tsinken itace ya wadatar. Kada a jiƙa bindigar dungurungum a cikin tina, domin robobin ciki za su lalace, datti kuma ya shige hanyoyin iska. Ka tuna da ɗan ramin da ke murfin kofi, wanda idan ya toshe bindiga takan riƙa tofar da fenti kashi-kashi.

Wajen mayarwa, baki ne farko, a ɗaure shi ya zauna ba tare da tsanantawa ba, sannan allura, sannan hula. A ɗiga man bindiga wanda babu silikon a cikinsa a jikin allura ta baya da mahaɗar kunama, a goge abin da ya yi saura, a rataye ta inda ƙura ba ta kaiwa.