Darasi: Zaɓen Ƙwan Lantarki Daidai da Ƙarfin Holda

Kafin ku sayi ƙwan lantarki, ku duba jikin holda ko cikin murfin fitilar. Yawanci za ku ga rubutu kamar MAX 60W. Wato kada a saka ƙwan da cin wutarsa ya wuce wat 60. Ƙasa da haka babu laifi.

Dalilin wannan iyaka shi ne zafi. Tsohon ƙwai mai siririyar waya a ciki, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama, haske kaɗan ne. Idan aka saka mai wat 100 a holdar roba ta wat 60, ba ranar za a ga ɓarna ba. Sannu a hankali robar za ta yi ruwan ƙasa, ta bushe, ta fara tsagewa, rigar waya ta narke, sai wayoyi biyu su haɗu. Da zarar kun ji ƙaurin roba, ku kashe makunni. A Jos, lokacin hunturu, masu kiwon kaji sukan rataya mai wat 100 don ɗumama 'yan tsaki. Wannan aiki sai holdar tangaran, kuma a nisanta ƙwan daga buhu, leda da ɗussar katako.

Ƙwan LED yakan rikita mai saye, domin lamba biyu ce a kwalinsa. Mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, wajen lumen 800 (lumen ma'aunin haske ne). Ƙaramar lambar, wato ainihin abin da yake ci, ita za ku gwada da ta holda. Amma idan murfin fitilar a rufe yake ruf, zafi zai taru ya kashe LED da wuri.

Ƙwai mai lanƙwasasshen bututun gilashi, wanda ake kira energy saver, yana da zaiba a ciki. In ya fashe, a buɗe taga, kada a kwashe da hannu tsirara.

Ku duba gindin ƙwai: mai fil biyu shi ne B22, na murɗawa E27. Wutarmu volt 230 ce, don haka ƙwan Amurka mai volt 120 zai ƙone nan take.

Wajen canzawa, a kashe makunni ko da an ɗauke wuta, tunda ba ta sallama in za ta dawo. A bar ƙwan ya huce, hannu a bushe. Holdar da ta yi baƙi, mai gyaran wuta ya canza ta kafin a saka sabon ƙwai.