Darasi na 9: Stabiliza da Tafiyar Mota a Hanya Mai Kwazazzabo

Ka leƙa ƙarƙashin Hilux ko Land Cruiser ta wajen gaba. Za ka ga wani mulmulallen ƙarfe, kaurinsa ya ɗan ɗara babban yatsa. Ya ratsa daga tayar hagu zuwa ta dama, bakinsa biyu a lanƙwashe. Makanikai suna ce masa stabiliza. An ɗaure tsakiyarsa a jikin shasi da robobi biyu, wato bushi. Kowane baki kuma an haɗa shi da ƙafar mota da wani gajeren ƙarfe mai noti sama da ƙasa, shi ne linkeji.

Aikinsa a kan kwalta

Idan tayoyin gaba biyu suka hau tudu lokaci guda, stabiliza ba ruwansa, juyawa kawai yake yi a cikin bushinsa. Aikinsa yana farawa ne idan taya ɗaya ta yi sama, ɗaya ta yi ƙasa. A nan sai ƙarfen ya murɗe, shi kuwa ba ya son murɗewa, sai ya ja tayoyin su daidaita. Wannan ne ke rage wa mota karkata a kan kwana, ko lokacin da direba ya fizgi sitiyari don kauce wa akuya. Mota mai tsayi, mai kaya a sama, ta fi kowace mota buƙatarsa.

Inda yake zama cikas

Yanzu bar kwalta. Damina ta yi nisa, ruwa ya yanka hanyar ƙauye, ga rami a hagu, ga tudu a dama. Abin da mota ke so a nan shi ne kowace taya ta bi ƙasa yadda ƙasar take: wannan ta shige sama cikin jikin mota, waccan ta zuro ƙasa cikin rami. Stabiliza kuwa yana nan yana ja. Sai motar ta zama kamar benci a ƙasar da ba ta daidaita ba, ƙafa uku a ƙasa, ɗaya tana reto.

Tayar da ke reto ita ce matsala. A tsakiyar aksil akwai giyar da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyi biyu, kuma in ba mai makulli ba ce, wato wadda ke kulle tayoyin biyu su juya tare, daidai wa daida take rabawa. Tayar da ke iska ba ta buƙatar wani ƙarfi kafin ta juya, saboda haka 'yar'uwarta da ke ƙasa ma ba ta samun abin a zo a gani. Direba yana taka totur, taya ɗaya tana wulwulawa a banza, mota ba ta motsa ba. In aka yi rashin sa'a tayar gaba ta hagu da ta baya ta dama suka tashi tare, ko an sa giyar taya huɗu, sai an nemo masu turi.

Shi ya sa masu bin duwatsu da ramuka suke kwance stabiliza kafin su shiga mugun wuri. Kamfanonin mota ma sun san da haka. Tun daga 2007 Jeep Wrangler Rubicon, motar Amurka, take zuwa da maɓalli a gaban direba, a danna, stabilizan gaba ya rabu biyu daga tsakiya. Amma lura da sharaɗin da suka gindaya: da zarar gudu ya wuce kilomita 29 a awa, motar da kanta take mayar da shi. Toyota kuma ta bi wata hanya mai suna KDSS, wadda ta fara sawa a Lexus GX 470 a 2004, daga baya a Land Cruiser 200. Ita da matsin mai take aiki, tana sassauta stabiliza a rami, ta ɗaure shi a kan kwana, direba bai taɓa komai ba. Mai irin wannan motar kada ya bari a sa mata sufana da ka.

Ba kowace mota ke cin riba ba

Motar da tayoyinta na gaba suke kan doguwar aksil guda, irin Land Cruiser 70 da ake gani a hanyoyin Agadas, ita ce ke amfana sosai. Hilux ta zamani kowace tayar gaba da ƙafarta, kuma tazarar hawa da saukarta gajera ce tun daga kamfani. Yawancin lanƙwasarta daga baya take zuwa, inda ake da aksil da sifirin mai faranti. In ka kwance mata stabiliza za ka ɗan ji sauƙin jijjiga, amma ba za ta zama wata mota daban ba. A ganina, mai Hilux ya fi cin riba in ya ɗan rage iskar taya, ya kuma sauka ya duba hanya da ƙafa kafin ya shiga.

Yadda ake kwancewa

Tsaya a wuri mai shimfiɗe, domin a nan ne ƙarfen ba ya murɗe, noti zai fita salin-alin. Ja birkin hannu, sa dutse a bayan taya. Kwance linkeji na hagu da na dama. Ɗaga bakin stabiliza sama, ɗaure shi da waya a jikin shasi, kada ya sauko ya caki taya ko ya fasa robar shaf. Zuba notinan a leda, sa a aljihun mota.

Kafin ka yi nisa, hau da taya ɗaya kan tudu a hankali, ka sauko ka leƙa ɗaya gefen. Tiyon birki ya miƙe tsaf? Idan ya miƙe, koma ka ɗaura, domin tiyon da ya tsinke birki ne ya tafi. Duba shokazoba ko ya kai maƙura, duba sifirin ko ya saki mazauninsa, duba taya ko tana gogar jikin mota. In za ka bi gefen tudu a karkace da buhuna a sama, kada ma ka fara kwancewa.

Da ka fita daga mugun wuri, nemi fili ka mayar. Idan ramin noti ya ƙi saituwa, sa yaron mota ya girgiza motar daga gefe har ya shiga.

Akwai wata ɗabi'a a wasu garejoji. Linkeji ya ci, yana ƙwas-ƙwas a hanya, mai mota ya kawo kuka, sai a cire a jefa bayan mota, a ce, "Alhaji, wannan ba ya aikin komai." Ƙara ta ɗauke, kowa ya ji daɗi. A cikin gari ba za a ga bambanci ba, sai ranar da aka ɗauki kwana da gudu da cikakken lodi. Linkeji da bushi suna cikin kayan mota masu araha, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko duk inda ake sayar da kayan gyara. A sayi sabo a ɗaura.

Aiki

1. Nemi mota a gareji mafi kusa. Nuna wa abokin karatunka stabiliza, bushi da linkeji, ka rubuta sunayensu a littafinka.
2. A ce tayar gaba ta hau tudu mai santimita 35 kafin wata taya ta bar ƙasa. Bayan an kwance stabiliza ta hau santimita 50. Santimita nawa aka ƙaru?
3. Rubuta abu uku da za ka duba bayan ka kwance linkeji.