Kafin ka canza girman tayar babbar mota, dubi pon ɗinta

Ni makaniken manyan motoci ne a Tahoua, kuma masu mota suna yawan tambayata: in an sa doguwar taya, shan gazwal zai ragu? Amsar tana ga pon na baya, wato ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, don lissafin taya da na pon ɗaya ne.

Fara da lambar da ke gefen taya. Tsayin 315/70R22.5 mita 1 da santimita 1 ne, 315/80R22.5 kuwa ta kusa mita 1 da santimita 8. Ƙarin ya kai kashi 6 cikin 100. Injin da ke juyi 1,300 a minti zai sauko kusan 1,225 a gudu iri ɗaya.

Sai ka nemi lambar pon, wato sau nawa sandar da ke fitowa daga giya take juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya. DAF, Renault da Actros na doguwar tafiya da ake kawowa daga Turai, galibi lambarsu ba ta kai 3 ba, don lafiyayyar kwalta aka yi su. In ka ƙara musu doguwar taya, ka lafta albasar Galmi, inji zai nuƙe. Direba zai yini yana sauke giya, balle a hawan Keita da Bouza, ambarayaj, wato kuloci, na ci, gazwal na tafiya. Wannan asarar tana ba ni takaici, don da kuɗinka ka saye ta. Tifar Howo mai ɗibar yashi kuwa, wadda lambarta ta wuce 4, kuka take yi a kan kwalta, ita doguwar taya tana sassauta mata.

Gwajin ba wuya. Da kaya a baya, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, sa giyar ƙarshe a gudun da ka saba. In allura tana tsakiyar koren da ke kan agogon juyin inji, bar tayarka yadda take. In ta haura kore, akwai wurin ƙari. In tana gindinsa, kada ka taɓa.

Alhaji mai mota, ga abin da nake roƙonka. Bayan an sa doguwar taya, agogon kilomita yana rage lissafi: ya nuna 100, alhali an yi 106. Sai ka ga kamar shan mai ya ƙaru, ka zargi direba da sayar da gazwal. Cika tanki, auna nisa da GPS na waya, ka sake cikawa a Yamai, sannan ka raba litar da ta shiga da nisan da aka yi.

Iska kuma a auna ta da asuba, taya na sanyi. Tagwayen tayoyin baya su zama girma ɗaya, in ba haka ba doguwar ce ke ɗaukar nauyin, ta yi zafi ta fashe.