Yadda Ake Rage Kashe Kuɗi a Fim Mai Kala da Wankin Hoto

Sabon shiga harkar kyamarar fim yakan ɗauka fim ɗin ne ke cinye masa kuɗi, sai ya bazama neman mafi araha. A nan ne yake faɗawa hannun mai sayar da fim ɗin da wa'adinsa ya wuce, wanda ya yi shekaru a kantar shago yana shan zafi. In an wanke, hotunan su fito dishi-dishi, kalar ta rine ta koma kore ko ja. Kuɗin fim ya tafi, na wanki ya bi shi. Araha ba ta ado.

Fara da sabon fim mai sauƙin kuɗi: Kodak ColorPlus 200, Kodak Gold 200 ko Fujifilm 200. Portra 400 yana da kyau, amma a bar shi sai ranar biki. Kada ka sayi mai hoto 24 muddin akwai mai 36, domin masu wanki kan naɗi suke karɓar kuɗi, ba kan yawan hoton da ke ciki ba. Wanda ke da kyamarar da ke raba kowane gurbi biyu, irin Olympus Pen ko Pentax 17, hoto 72 zai samu a naɗi ɗaya. In dole sai tsohon fim, ka ƙara masa haske: mai lamba 400 (ISO, ma'aunin saurin kama haske) da ya wuce wa'adi da shekara 10, ka saita kyamara a 200.

Ajiye fim a firiji cikin robarsa, ka ɗaure a leda saboda raɓa, musamman inda wuta ke zuwa tana tafiya. In ka fito da shi, ka bar shi ya huce sanyi kamar awa biyu kafin ka buɗe. Gaban mota kuwa, ko na yini ɗaya kada ka bar shi a can.

A wurin masu wanki, ka ce wanki kawai kake so, ba da bugawa a takarda ba. Daga hoto 36, da wuya a samu goma da suka cancanci takarda. Karɓi fim ɗinka da aka wanke, ka shimfiɗa shi kan farin haske, ka ɗauke shi da kyamarar zamani, sannan ka juya kalar a kwamfuta, don a kan fim a juye take fitowa. Manhajar darktable kyauta ce, kuma tana yin wannan aiki.

Babban sauƙin yana ga wankewa a gida, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara. Tsarin wankin fim mai kala shi ne C-41, wanda Kodak ya fito da shi a 1972. Kana buƙatar tankin wanki irin na Paterson, baƙar jakar da ake ɗura fim a cikinta, ma'aunin zafi, da sinadaran lita ɗaya. Ruwan farko, mai fito da hoton, yana son zafi digiri 38 na minti uku da daƙiƙa 15. Wasu kamfanonin sukan ɗan bambanta, don haka takardar da ke cikin kwalin ita ce alƙali. Ka zuba ruwan ɗumi a baho, ka jera kwalaben a ciki, amma ka auna zafin cikin kwalbar, ba na bahon ba. Wannan shi ne abin da kusan kowa ke tsallakewa: baho ya kai 38, ruwan kwalba bai kai ba, a zuba, kala ta karkace. Shi ma tankin a ɗumama shi tukuna, musamman da safiyar hunturu, don tanki mai sanyi nan take yake zuƙe zafin. Ruwa na biyu, mai zaunar da hoton, ba shi da wannan tsirfa, sai dai ko ɗigonsa kada ya shiga na farko. Kowanne da mazubinsa, kuma a sa safar hannu.

Sai batun lissafi. Lita ɗaya tana wanke naɗi goma sha wani abu, amma da zarar an haɗa ta da ruwa, makonni take yi ba watanni ba. Wanda ya haɗa don naɗi biyu ya ajiye sauran, ya biya fiye da kuɗin shago. Tara naɗi takwas ko goma a firiji, ka haɗa, ka wanke su cikin mako biyu, kana ƙara ɗan lokaci yayin da ruwan ke tsufa. Ka cika kwalba har wuya don iska kada ta samu wuri.

Akwai kuma fim ɗin sinima, Kodak Vision3, da ake yankawa ƙafa 100, ya ba ka naɗi kusan 18. In mai baƙin shafi ne a baya, kada ka kai shi injin shago, zai ɓata musu ruwa. Sai an wanke shafin da ruwan da aka narkar da baking soda a ciki tukuna.

Shanya fim a banɗaki, ka rufe ƙofa da taga saboda ƙura, kada ka taɓa shi sai ya bushe ƙarau. Yanka shi shida-shida, ka sa a leda mai aljihu.