Direban wasiƙu a Amurka: yadda za ka bi sawun kuɗin lafiyarka

Kusan shekara biyu na yi ina jan tirelar wasiƙu daga Greensboro zuwa Charlotte cikin dare, ban taɓa karanta takardar albashina da kyau ba. Wata rana muna shan shayi bayan Juma'a, wani dattijo ɗan Damagaram da ya riga ni shiga aikin ya karɓe ta, ya ɗora tabarau, ya ce, "Ƙanena, ina layin H&W ɗinka?" Na ce, "Yaya, wane layi kuma?" Sai ya girgiza kai.

Mu dai ba ma'aikatan gidan waya ba ne. USPS, wato hukumar gidan wayar Amurka, kwangila take bai wa kamfanoni, su kuma su ɗauke mu. Amma dokar tarayya ta 1965, Service Contract Act, ta hau kan kwangilar hidimar gwamnati da ta wuce dala 2,500. Bayan ladan awa, ta wajabta wa kamfani ya ƙara kuɗin lafiya da walwala a kan kowace awa. Shi ne H&W ɗin.

Fara da neman takardar da Ma'aikatar Ƙwadago ke fitarwa, wadda ake kira wage determination, mai nuna mafi ƙarancin lada da kuɗin lafiyar da za a biya ka. Dole kamfani ya manna ta inda direbobi za su gani ko ya ba ka. In ana yi maka hanya-hanya, nemi lambarta ka duba a shafin intanet na gwamnati, SAM.gov. Adadin gama-gari na kuɗin lafiyar ya kai dala 4.98 a awa a 2023, ya koma 5.36 a 2024, amma kada ka riƙe wannan ka je kana faɗa da mutane. Abin da ke cikin takardar kwangilarku shi ne hujja, kuma sabon adadi ba ya shiga sai an sabunta ta a cikin kwangilar.

Sai lissafi. Yawanci ana biya ne har awa 40 a mako, wato 2,080 a shekara, har da ranakun hutun da ake biyan ka. A kan 5.36, dala 214.40 ke nan a mako, sama da dubu 11 a shekara. Wanda ke aika wa gida kuɗi duk wata ya san wannan ba abin da za a kau da kai ba ne.

A nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa. Kamfani ne ke da zaɓin yadda zai biya, ba kai ba. Yana iya ba ka tsaba, yana iya zuba shi a inshorar lafiya, ko a asusun ritaya na 401(k), ko ya raba. Abin da ba zai yi ba shi ne ya cusa shi cikin ladan awa ya ce ai yana ciki. Sai an rubuta shi daban. In inshorar ba ta cinye adadin ba, ragowar naka ne. In tsaba ne, haraji zai ci rabonsa, shi ya sa ni yanzu na fi son asusun, ko da yake aljihu ba ya jin daɗi.

Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta awanninka: duba mota kafin tashi, jiran lodi, saukewa. Kuma ko an ba ka takardar haraji ta 1099 an ce kai ɗan kwangila ne, wannan kaɗai ba ya fitar da kai daga dokar.

In lissafi ya ƙi haɗuwa, fara da ofishin albashi, a rubuce. In ba su ji ba, kai ƙorafi sashen Wage and Hour na Ma'aikatar Ƙwadago, domin dokar ba ta ba ka damar shigar da ƙara kotu da kanka ba. Gwamnati na iya riƙe kuɗin kwangila a biya ka, kamfanin kuma a hana shi kwangilar gwamnati shekara 3.

Nawa bai kai can ba. Ashe suna zubawa a 401(k) ɗin da ban taɓa buɗewa ba, sai dai da awa 34 na jadawali suke lissafi, ba da 40 ɗin da nake yi ba. Na kai wa matar ofishin littafina, duk shafukan sun sha kofi. Bayan mako uku aka cike gibin, ni kuma na sayi wa dattijon kilo guda na ganyen shayi.