Kariya Ba Ƙishirwa Ke Kashe Ta Ba: Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Renonta

Idan kariyarka, itaciyar nan mai fure da kumburarren gindi, ta fara zubar da ganye, kafin ka ɗauko bokiti, tsuguna ka danna gindinta da yatsa. In ka ji shi da tauri, lafiyarta ƙalau, hutawa take yi. In kuwa yatsanka ya lotsa kamar ka danna jiƙaƙƙen soso, to ruwa ya yi mata yawa, ruɓewa ta riga ta shiga.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne cin rayukan kariya. Ni ma na yi shi, har sau biyu. Itaciya ce ta ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama, tun daga yankin Sahel zuwa gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa, masana kuma suna kiranta Adenium obesum. Kumburarren gindin nan nata rumbun ruwa ne. Mai ba ta ruwa kullum safe da yamma tamkar mai ɗura wa ƙosasshe ne. Jijiyoyinta sai su rasa iska a cikin caɓi, su yi baƙi, ruɓewar ta hauro sama. Abin takaici, ganyen da ruwa ya yi wa yawa rawaya yake yi ya faɗi, sai mai ita ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara zuba mata. Gyaran ba wuya: tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa biyu, in akwai danshi ka ƙyale ta. In ta bushe ƙarau, zuba mata sosai har ruwan ya ratsa, sannan ka manta da ita. Lokacin sanyi kuwa, da take barci, rage ruwan ƙwarai. Sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Celsius haɗe da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana saurin lalata ta.

Wadda ta fara ruɓewa ba lallai ta mutu ba. Ciro ta, kakkaɓe ƙasar, ka yanke duk inda ya yi baƙi da wuƙa mai tsabta har ka kai farin nama. Ajiye ta a inuwa, inda iska ke kaɗawa, kamar mako guda, ciwon ya bushe, kafin ka mayar da ita cikin sabuwar ƙasa. Kada ka ba ta ruwa a ranar.

Sai maganar ƙasa, domin sau da yawa laifin ba na bokiti ba ne. Laka tana riƙe ruwa kwana da kwanaki. Wanda ya haƙa rami a laka ya cika shi da yashi, rijiya ya gina wa shukarsa, ruwan da ya shiga ba shi da mafita. Gara a yi mata tudu, a cakuɗa yashi mai tsakuwa da ƙasa, a bar kumburin gindin a waje yana shan iska. In a tukunya ce, tabbatar akwai huda a ƙasanta, kuma kada ta yi wa shukar girma, don ƙasar da jijiya ba ta kai gare ta ba daɗewa take yi a jiƙe.

Wasu kuma kukansu shi ne ga ganye shar, fure babu. Dubi inda ka ajiye ta. Kariya tana son rana ta dake ta aƙalla awa 6 a yini; a gindin bango ko ƙarƙashin bishiya sai dai ta yi ta miƙa sirarun rassa tana neman haske. Taki mai yawan sinadarin naitirojin ma haka yake yi mata, ganye yake ciyarwa. Ɗan kaɗan lokacin da take toho ya isa.

Masu dasa reshe suna da nasu gaggawar: a yanko a soka cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa nan take. A bar bakin yankan ya bushe kwana uku zuwa mako ɗaya tukuna. A kuma sani, wadda aka tayar daga iri ta fi saurin yin ƙaton gindi. Ta reshe tana yin fure, amma gindinta ba ya kumbura da wuri.

Ruwan da ke fita daga jikinta idan an yanke ta guba ne, mai taɓa zuciya in aka haɗiye shi. Sa safar hannu, kada ka murza ido, ka wanke wuƙar da sabulu bayan ka gama. Rassan da ka sassare kuma kwashe su nan take, kada ka bar su inda yara ko dabbobi za su kai baki.